Tsamin Masa Da Ranar Da Ya Yi Ja

Duk wanda ya taɓa kwana a garin Ƙanƙara, ya kuma yi sammakon fita bayan sallar asuba, ba zai rasa cin karo da ƙamshin masa ba, watau abin nan da mutanen Kano suka fi sani da sunan waina. A wani lungu na garin akwai wata dattijuwa wadda yara da manya suke kira Inna mai masa. Tandarta ba ta fi ta sauran masu sana'ar girma ba, ba ta kuma fi su araha ba, amma duk da haka akwai mutanen da sukan wuce tanda biyu ko uku, su zo su tsuguna gabanta suna jiran a kwashe. In aka tambaye su dalili, sai su ce masarta tana da wani ɗan yami-yami wanda ba a samunsa a wani wuri. Tushen wannan yami kuwa yana cikin wata 'yar baƙar tukunyar ƙasa da ba ta fi cin rabin tiya ba, wadda take ajiyewa a gindin randa, a rufe da faifai. Abin da ke cikinta shi ne tsami, watau ragowar tsohon ƙullu da akan ɗiba a zuba cikin sabo domin ya tashi.

A yau galibin masu masa sun koma ga yis na kanti, kuma babu mai ganin laifinsu, domin shi yis ba ya neman a kula da shi. A sayo, a barbaɗa, cikin 'yan sa'o'i ƙullu ya kumbura. Tsami kuwa tamkar dabbar turke yake. Yana jin yunwa, yana jin sanyi da zafi, yana kuma yin ciwo har ya mutu. Inna ba ta kiransa da wani suna sai "uwa", kuma idan ta ce za ta je ta ba uwa abinci, mutanen gidan sun san inda ta nufa.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Sabuwa, can ƙarshen kudu maso yammacin Jihar Katsina, wajen iyaka da Jihar Kaduna, inda ruwan sama ya fi yawa, masara da dawa suke yin yadda ake so. Mahaifiyarta masa take yi ranar kasuwa. Da aka ɗaura wa Inna aure zuwa wani ƙauye kusa da Faskari, shekara biyu bayan an fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sai tsohuwar ta cusa mata 'yar tukunyar nan cikin kayan ɗaki, tsakanin ƙore da tasoshi. 'Yan kai amarya suka yi ta dariya, suna cewa tun ba a je ko'ina ba an kai wa auren tsami. Auren dai bai yi tsami ba, har mutuwa ta raba. Shekara arba'in da biyu tukunyar tana ƙasar Faskari, sai a daminar 2020, sa'ad da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙauyukan wannan yanki, Inna ta bi ɗanta zuwa Ƙanƙara. Ta bar gadonta da turminta da tandar da ta saba da hannunta, amma tukunyar tsami ta naɗe ta a tsohon zane, ta rungume ta a cinya har aka sauka. Ko a makon da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta garin, a daren 11 ga Disamba na wannan shekara, gari ya yi tsit, ba ta hura wutar tanda ba har aka sako su ranar 17 ga wata, amma ba ta fasa ba uwa abinci ko da rana ɗaya ba.

Yadda take kula da shi ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai ba ya son ganganci. Masar masara take yi. Ta surfa, ta wanke, ta shanya, a niƙo. Ta tankaɗe ta raba gari da tsaki, ta dafa tsakin, in ya huce ta kwaɓa shi da garin, sa'an nan ta juye abin da ke cikin 'yar tukunya a kai, ta rufe ya kwana. Da asuba ƙullun ya tashi, ya yi idanu, yana ɗan tsuwa in an sa kunne. A daidai wannan lokaci, kafin gishiri, kafin albasa, kafin ruwan kanwa, takan ɗebi ludayi biyu ta mayar cikin tukunyar, ta ƙara masa ɗan sabon gari da ruwan randa. Wannan shi ne uwar gobe. Da hunturu takan matsar da tukunyar kusa da murhu, ta lulluɓe ta da tsumma, don sanyi yana sa tsami lalaci. Da bazara kuwa takan dasa ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ta ciyar da shi safe da yamma, domin zafi yana sa ya cinye abincinsa da wuri. Ƙarshen damina ne ta fi tsoro, lokacin da ɗaki yake yin raɓa, tufafi su ƙi bushewa, ko takalmin fata ma ya yi funfuna.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan ita kanta kalmar tsami, domin ta ɗauki kaya fiye da yadda ake zato. Bahaushe yakan ce jiki ya yi tsami, dangantaka ta yi tsami, al'amari ya yi tsami, kuma duk waɗannan ba alheri suke nufi ba. Amma a bakin murhu tsami abin nema ne: ba koko sai gasara ta yi tsami, ba fura sai da nono, ba alkaki sai kwaɓin ya kwana. Mata sun raba tsami da ruɓa tun da daɗewa, kuma suna da kalmomin da suke auna tazarar da ke tsakaninsu. Akwai yami, wanda shi ne farkon tsami mai daɗi. Akwai bauri, akwai gafi. Sa'an nan a ɓangaren hanci akwai ƙarni da hamami da bashi da ɗoyi, kowanne da matsayinsa. Ɗalibin harshe da yake neman inda Hausa ta yi zurfi, da zai zauna kusa da mai masa na yini guda, da ya cika takardarsa.

Abin da mata suka gane da hanci da harshe, masana kimiyya sun gan shi da madubin likita. Tun a 1857 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, suke sa abu ya yi tsami irin na nono. A cikin tukunya irin ta Inna ƙabilu biyu ne suke zaman tare. Ta farko bakteriya ce mai cin zaƙin da ke cikin gari ta mayar da shi tsami. Ta biyu kuwa yis ne na daji, ɗan'uwan na kanti, wanda yake fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Masana suna da ma'aunin tsami da suke kira pH, wanda a kansa ruwa zalla yake kan 7, kuma gwargwadon ƙaruwar tsami gwargwadon saukar lambar. Lafiyayyen tsamin ƙullu yakan sauka zuwa wajen 4 ko ƙasa da haka, galibin ƙwayoyin da ke ɓata abinci ko su sa ciwo kuwa ba sa iya yaɗuwa in an yi ƙasa da 4.6. Ke nan tsamin nan ba ɗanɗano ba ne kawai, ganuwa ce da mazauna tukunya suka gina wa kansu. Ruwan kanwa kuma kishiyar tsami ne, yana can sama wajen 10, shi ya sa ake zuba shi a ƙullu dab da suya don ya kashe kaifin tsamin.

Cikin shekarun nan duka Inna ta ga launuka iri-iri a tukunyarta, kuma ba kowanne yake tayar mata da hankali ba. In ta buɗe ta ga wani ruwa mai launin toka ko ƙasa-ƙasa ya kwanta a sama, ta san yunwa ce; ta tsiyaye shi, ta ƙara gari. In ta ga farar yana mai tattara kamar ta saman madara, takan yaye ta, ta zubar da rabin tsamin, ta wanke bakin tukunya, domin wannan gargaɗi ne cewa an fara sakaci. Wata shekara da ta ciyar da shi da garin dawa ya yi duhu kamar an ɗiga tawada, ashe wani tsohon cokalin ƙarfe mai tsatsa ne aka bari a ciki, baurin dawa ya haɗu da ƙarfe. Tun daga ranar ba abin da ke shiga tukunyar sai ludayin duma. Ja ma ta saba gani, domin jar dawa takan rina ƙullu, kuma launin yakan ƙara kamawa in kanwa ta taɓa shi, kamar yadda karan dafi yake yi, ko yadda zoɓo yake sāke kama tsakanin lemon tsami da kanwa. Amma jan dawa yana da halinsa: tun ranar farko yake bayyana, kuma yakan game ƙullun baki ɗaya, sama da ƙasa. Funfuna ce kaɗai, wadda wasu Katsinawa suke cewa hunhuna, mai gashi-gashi, koriya ko baƙa, mahaifiyarta ta ce mata in ta gani kada ta tsaya shawara.

A watan Satumba na 2021 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana uku. Jikanyarta, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ta saba juya mata masa, ita ta riƙe tanda, kuma ta riƙe ta da kyau, ba wanda ya yi ƙorafi. A rana ta huɗu Inna ta lallaɓa ta tashi, ta ɗaga faifai. Abin da ta gani bai yi kama da kome da ta sani ba. Saman tsamin ya yi zane-zane ruwan hoda, kamar an ja tsinke cikin jini da nono, a gefen tukunya kuma akwai ɗige-ɗige masu sheƙi da suka fi kusa da ruwan goro. Ta sa ludayi ta ɗaga, ta ga yana yauƙi. Ƙasan fari ne fat. Ta kai hanci, maimakon yamin da ta sani sai wani ƙarni-ƙarni ya buge ta. Kuma ba ta ciyar da shi da jar dawa ba tun bara.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Wani gida a unguwar sun ba ta aikin masar sadakar arba'in, ta tiya goma, saura kwana biyu, an riga an ba ta rabin kuɗi, ta kuma sa an surfa masarar. Kafin azahar magana ta fita, maƙwabta suka shigo kallo. Wata da ta girme ta kaɗan ta leƙa ta ce, "Haba ƙanwata, wannan ne abin tashin hankali? Kwashe saman ki zubar, ki yi aiki da na ƙasa. Abin da zai shiga tafasasshen mai, me zai rage?" Wata kuma ta ja da baya tana salati, ta ce ai wannan jini ne, jifa aka yi, kuma ba sai an je da nisa wajen neman mai hannu a ciki ba. Ba ta ambaci suna ba, amma kowa ya san tana nufin wata matashiya da ke soya masa a bakin lungun, wadda cinikinta ya ragu tun zuwan Inna.

Wannan magana ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin Inna baƙuwa ce a unguwar, kuma irin wannan zargi in ya fita ba ya komawa. Ta yi shiru tana duban tukunyar, sa'an nan ta ce, "Yaya, ni na sha yanka kaza. Jini in ya kwana baƙi yake yi. Wannan kuwa tun safe nake kallonsa, ƙara haske yake, yana kuma ƙara faɗi. Abin da ke girma mai rai ne. Ciwo ne ya kama uwa, ba wanda ya jefe ni." Da haka ta rufe wannan ƙofa, ba a sāke buɗe ta ba.

Abin sha'awa, an taɓa yin irin wannan taro a kan irin wannan launi a wata ƙasa mai nisa. A 1819, a ƙauyen Legnaro kusa da birnin Paduwa na Italiya, talakawa suka wayi gari tuwon masararsu ya yi ja kamar jini, daga gida ɗaya abin ya bazu zuwa gidaje da yawa. Mutane suka firgita, suka ce aikin shaiɗan ne ko fushin Ubangiji. Wani matashi mai ilmin haɗa magunguna, Bartolomeo Bizio, shi ya ajiye tuwo a wuri mai ɗumi da laima, ya nuna cewa jan yana fitowa cikin kwana guda, kuma ana iya ɗaukarsa daga wannan ƙwarya zuwa waccan da hannu. Ya raɗa wa halittar suna Serratia marcescens, sunan da take amsawa har yau. Bakteriya ce da ke zaune a ƙasa da ruwa da jikin ƙwari, tana son abinci mai sitaci da danshi, tana fitar da jan launinta a ɗumi irin na ɗaki, kuma ba ta jure tsami mai ƙarfi. Akwai wasu halittun da ke kawo launi makamancin wannan, kamar wani jan yis da kuma funfunar masara mai ruwan hoda, kuma ido ba ya raba su. Sai dai hukuncinsu ɗaya ne, domin bayyanar kowannensu a saman tsami shaida ce cewa ganuwa ta faɗi, kuma in wanda ake gani ya samu shiga, to wanda ba a gani ma ya samu.

A nan ne shawarar maƙwabciya ta farko take da rauni, ko da yake ita ce irin shawarar da talauci yake bayarwa, kuma ba a raina ta. Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba kowace guba take kashewa ba. A watan Janairu na 2015, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha wata giyar gargajiya a wurin zaman makoki. Da farko aka ce an zuba ɗacin kada ne a ciki, aka shiga zargin juna. Bincike ya nuna daga baya cewa garin masarar da aka yi amfani da shi ne ruwan ambaliya ya taɓa jiƙawa, wata bakteriya ta yaɗu a cikinsa ta bar guba wadda ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, dafuwa kuma ba ta karya ta. Inna ba ta taɓa jin sunan Mozambik ba. Abin da ta ce kawai shi ne, masar sadaka almajirai da ƙananan yara ne suke fara ci, ita kuwa ba za ta gwada sa'arta a cikin 'ya'yan mutane ba.

Da la'asar ta sa jikanyar ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta juye tsamin shekara arba'in da uku a ciki, ta bi shi da toka, ta rufe, don kada kaji ko awaki su tona. Ba ta yi kuka ba, amma ba ta ci tuwon dare ba. Tukunyar kuwa, da yake ƙasa tana da ƙofofin da wanki ba ya kaiwa, sai ta wanke ta da toka da ruwan zafi, ta kifa ta a kan garwashi har tsakar dare. Ludayin da faifan ta jefa su wuta.

Washegari ta aiki yarinyar kanti ta sayo yis, karo na farko a rayuwarta, ta kuma je da kanta gidan masu sadaka ta gaya musu abin da ya faru, ta ce in sun ga dama su karɓi kuɗinsu. Suka ce ta yi. Masar ta fito fara, ta kumbura, ta yi kyan gani, aka rabar. Wani tsoho mai gyaran keke da bai taɓa fashin karin kumallo a wurinta ba ya ci ɗaya, ya juya ta biyu a hannu, ya ce, "Inna, yau masar taki ba ta gaishe ni ba."

Sanadin abin bai ɓoyu da daɗewa ba. A safiyar sadakar tana zaune a kan kujera, jiki bai gama warwarewa ba, tana kallon yarinyar tana haɗa ƙullu. Ta ga ta zuba gishiri, ta tsiyaya ruwan kanwa, ta juya, sa'an nan ta ɗauki ludayi ta nufi inda tukunya take zama, kafin ta tuna babu ita.

"Ke kishiya, tsaya. Haka kika yi kwana ukun nan?"

"Haka na yi, Inna. Ai kin ce kullum a raga wa uwa ludayi biyu."

"Kafin kanwa ko bayan kanwa?"

Yarinyar ta yi shiru, idanunta suka cika. Kwana uku a jere tana mayar wa tukunya ƙullun da kanwa ta riga ta kashe wa tsami, a ɗaki mai raɓa, a ƙarshen damina. Inna ba ta yi mata faɗa ba, domin da ta bincika zuciyarta sai ta ga ba ta taɓa faɗa mata wannan da baki ba. Abu ne da hannunta yake yi da duhun asuba, tun kafin yarinyar ta farka, kuma ita ma ba ta tuna ranar da aka gaya mata shi ba.

Akwai kuma laifin hatsi. A shekarun nan manoma da yawa a wannan yanki sukan karye masara da wuri, don tsoron abin da zai same su ko ya same ta a gona, su kawo ta gida ba ta gama bushewa ba, a shanya a ƙasa ruwa yana dukanta. Da Inna ta baza ragowar masarar a faifai ta ga ƙwayoyi masu ruwan hoda a gindi, da wasu masu ƙura-ƙura tsanwa. Waɗannan na biyun su ne masana suka fi jin tsoro, domin funfunarsu ce take fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda ita ma suya ba ta kashe ta, wadda kuma ta halaka mutum 125 a gabashin Kenya a 2004 ta hanyar masarar da aka adana da danshi. Tun daga ranar ta ƙara wa aikinta mataki guda: tsince masara da rana tsaka, da kwashe duk ƙwayar da ta taso saman ruwa.

Saura tayar da sabon tsami. Ta nemo tsohon gero na bara, busasshe ƙarau, ta wanke, ta jiƙa shi kwana biyu, ta niƙa a dutse, ta kwaɓa da ruwan jiƙon, ta zuba a tukunyar da ta sha wuta. Kullum ta zubar da rabi ta ƙara sabon gari. A rana ta biyu da ta uku ya yi kumfa mai yawa da wani wari mara daɗi, har yarinyar ta ce wannan ma ya lalace. Inna ta ce a'a, baƙin farko ne, za su wuce. Haka kuwa abin yake, domin halittun da suke fara mamaye sabon kwaɓi ba su ne masu zama ba, tsamin da ke taruwa shi yake korarsu. A rana ta huɗu ya yi lamo kamar ya mutu. A ta shida yami ya fito. A ta takwas ya tayar da ƙullu, amma masar ba ta kai ta da ba, kuma ita ta fi kowa sani.

Tana da sauran fata guda. Shekaru da yawa da suka wuce ta ɗibar wa ƙanwarta, wadda ke aure a cikin garin Faskari, daga wannan tsami, kuma ta san ba ta bar sana'ar ba. A Sabuwa kam babu sauran wanda za a tambaya, tsohuwa ta daɗe da rasuwa, jikokin gidan kuma yis suke saye. Amma Faskarin da take kusa ta yi nisa a wannan wata. Tun ƙarshen Agusta gwamnatin jiha, cikin matakan da ta ɗauka na tsaro, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, mai tafiya a cikinsu sai ya zagaya ta Funtuwa, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sai aka koma irin ta da, watau saƙon baka. Ta gaya wa wani direba, shi ya gaya wa wata mai sayar da daddawa, ita ta kai. Bayan mako uku sai ga wata 'yar roba ɗaure cikin leda, murfinta ya kumbura kamar zai tashi, tare da saƙon cewa a gaida Yaya, a ce mata ta bar yawan ciwo.

Inna ta buɗe ta shinshina, ta daɗe ba ta ce kome ba. Lafiyayye ne sarai, amma ba ƙamshin da ta sani ba ne. Ƙanwar da gero take ciyar da nata, da ruwan wata rijiya, a wani ɗaki, da wani hannu. Masana ba za su yi mamakin wannan ba. A garin Sankt Vith na ƙasar Beljiyam akwai wani ɗakin ajiya da kamfanin Puratos ya buɗe a 2013, inda ake adana tsamin burodi fiye da ɗari daga ƙasashe dabam-dabam, kuma kowanne da irin garin da mai shi ya aiko ake ciyar da shi, don gudun kada ya sāke hali in an sauya masa ci.

Ta ajiye na Faskari a wata ƙwarya dabam, kusa da baƙar tukunya, ta riƙa ciyar da su biyun da garin masara ɗaya, da ruwan randa ɗaya, a lokaci ɗaya. Bayan kwana goma ta sa yarinyar ta rufe ido ta shinshina kowanne, ta kasa rabewa. Ita ma ta gwada, ta ce tana jin bambanci, amma da aka sauya musu wuri sai ta nuna wanda ba shi ba. Yarinyar ta tambaye ta wanne ne na Sabuwa a cikinsu. Inna ta ɗauki ƙwaryar ta juye ta cikin tukunyar, ta juya da sabon ludayi, ta rufe da faifai.

Da asubar da ta biyo baya ta tayar da jikanyar tun kafin kiran salla, ta tsayar da ita gaban ƙullu, gishiri da ruwan kanwa suna can gefe ba a taɓa su ba, ta miƙa mata ludayi. Yarinyar ta ɗebi biyu ta kai tukunya, ta dawo, sa'an nan aka jawo kanwa. Da rana ta ɗaga, tsoho mai gyaran keke ya zo ya tsuguna inda ya saba. Ya ci ɗaya, ya ci ta biyu, ya sa ta uku cikin miyar taushe. Da zai tashi ya ajiye kuɗinsa a bakin faifai, ya ce, "Ta kusa, Inna."